Dundumin da Ba Ya Jin Hanta

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan ba da labari ya daɗe da faruwa, kuma ban riƙe komai a rubuce ba, domin fayil ɗin marar lafiya ba abin da ake fita da shi daga asibiti ba ne. Mai yiwuwa na gabatar da abin da ya kamata ya zo a baya, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Sunayen ma na sauya su. Duk inda nake da shakka zan faɗa, kuma za ku ga wuraren suna da yawa.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne wata magana da na ji daga bakin masu bautar ƙasa da ake turo mana, cewa aikin ɗakin gwajin ido danna maɓalli ne kawai, inji ke yin komai. Ban yi musu gardama ba, don maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ina ganin ya kamata su ji yadda aikin yake daga wanda ya tsufa a cikinsa.

Na zo Abuja a shekarun farko na komawa mulkin farar hula, lokacin da duk inda ka waiwaya bulo ne da tifa, ana ta haƙa harsashi. Digirina a kan sinadaran jikin ɗan'adam ne, kuma aikina na ƙarshe a jami'a a kan yadda jiki ke sarrafa kitse na yi shi. Na yi zaton babban ɗakin bincike zan samu. Abin da na samu shi ne wani ƙaramin asibitin ido a wajen Utako, mai likita ɗaya da nas ɗaya, da sababbin injuna da aka sayo aka rasa mai haƙurin karanta littafinsu. Ina jin saboda littafin aka ɗauke ni.

Likitan mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa sai gaisuwa, kowa Dakta yake ce masa. Nas ɗin kuwa Sista Rifkatu ce, 'yar Filato, Hausarta ta kasuwa, mace da namiji duk "ya" take ce musu. Ita ta koya mini sana'ar, kuma tun ranar farko ta laƙaba mini Farfesa. Ta daɗe ba ta bar ni na taɓa inji ba. A bakin ƙofa ta ajiye mini kujera, ta ce in riƙa kallon yadda mutane ke shigowa. Mai yanar ido yakan kare fuska daga haske. Wanda gefen ganinsa ya rufe kuwa za ka ga yana ta juya kai hagu da dama, kafaɗarsa na bugun dokin ƙofa. Tana da wata dabara: in za ta miƙa wa mutum katinsa, ba ta miƙa shi ta gaba, sai ta gefe, ƙasa-ƙasa, ba tare da ta yi magana ba. Wanda ya karɓa ya karɓa. Wanda ya bar hannunta a tsaye, sai ta dube ni ta gyaɗa kai.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai allon haruffa, da wani na waɗanda ba su yi boko ba, mai alama kamar cokali mai yatsu, mutum ya nuna da hannu inda yatsun suka fuskanta. Akwai maganin ɗigawa da ke buɗe ƙwayar ido, wanda ba a ɗiga wa direba sai an tambaye shi wa zai mayar da motar gida, don gani yakan dushe har yamma. Akwai kyamarar ɗaukar hoton bayan ido. Sai injin auna faɗin gani, wanda ya yi kama da babbar ƙwarya fara a jingine. Mutum zai ɗora haɓa, ya kafe ido a kan ɗigon tsakiya, duk sanda ya ga ƙyallin haske a gefe sai ya danna abin da ke hannunsa. A nan matasa ke ruɗuwa. Mutanenmu suna da kara. Wani zai yi ta dannawa ko bai ga komai ba, don kada ka ji ya ɓata maka lokaci. Wani kuma ba zai danna ba sai ya tabbata, saboda ba ya son ya yi ƙarya. Duka biyun inji zai fitar musu da takarda mai kyan gani, kuma duka biyun ba daidai ba ne. Aikinka shi ne ka zauna kusa, ka kalli idon, ka kalli yatsan, ka yi ta lallashi. In aka ɗauke wuta a tsakiya kuma, a koma farko.

Kalmar da ta fi ba mu wahala a ɗakin nan ita ce dundumi. Kowane Bahaushe ya san ta: mutum yana gani da rana, magariba na yi ya zama kamar makaho. Kuma kowa ya san maganin, a ba shi gasasshiyar hanta, a wadata shi da maiƙo. Ba ƙarya ba ne. Dundumin da ƙarancin abinci mai gina ido ke kawowa yana jin hanta da manja, wani lokaci cikin sauri. Amma akwai wani dundumin na gado, kuma suna ɗaya muke kiran su. A can bayan ido akwai wani tantani mai laushi da ke kama haske. Ƙwayoyinsa, a iya abin da na karanta, cike suke da kitse na musamman, kullum suna zubar da tsohon suna gina sabo, kuma akwai waɗansu ƙwayoyin a ƙarƙashinsu masu kwashe sharar. In mutum ya gaji tawaya a wani sashe na wannan aiki, ƙwayoyin sukan riƙa mutuwa sannu a hankali, yawanci daga gefe zuwa tsakiya. Da farko dundumi, daga baya mutum ya koma kamar mai leƙe ta bututu. Wannan ba ya jin hanta. Akwai ma nau'in da ake jin ƙarin bitamin na iya cutar da shi, shi ya sa ba na son in ga ana raba ƙwayoyin bitamin ga duk wanda ya ce dundumi.

Haladu mai tsire ya zo mana da ɗauri a gwiwa. A tashar Jabi yake da tukuba, shi da ƙanensa Sabi'u, gidansa kuma a Karmo. Ya faɗa kwalbati ne da magariba a hanyar da ya saba bi kullum. Na ɗora shi a kan allo, ya karanta har layin ƙasa, yana dariya yana cewa ai da ma ya gaya wa Sabi'u idonsa garau yake. Da sabon hannu ne da ya sallame shi. Sista Rifkatu ta miƙa masa kati ta gefe. Hannunta ya daɗe a tsaye, shi kuwa yana ta ba ni labarin tsadar gawayi.

Inji ya nuna abin da ta riga ta gani: gefen ganinsa ya tafi, saura wata 'yar taga a tsakiya. Hoton bayan idon kuma ya fito da baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar an watsa garin gawayi. Dakta ya ce na gado ne. Na tambayi Haladu ko iyayensa 'yan'uwa ne, ya ce auren zumunci ne, ɗan wa da 'yar ƙane. Ya ce tun yana saurayi yake da dundumi, kuma ba a yi masa sakaci ba. Hantar farko ta kowace rana tasa ce. Mahaifiyarsa kuma ba ta fashin aiko masa da man shanu daga ƙauyensu na ƙasar Katsina, yana kwaɓa shi a tuwo, yana sha a kunu.

Yawanci a nan labarin irin waɗannan marasa lafiya ke tsayawa. Mu ce su riƙe tocila, su guji tuƙi, su dawo a sake awo. Amma ni ina da wata ɗabi'a da Sista ke yi mini tsiya a kanta, ta rubuta duk abin da marar lafiya ya faɗa ko da bai shafi ido ba, don tsoron kada in bar wani abu. A cikin hira Sabi'u, da ya rako shi, ya yi ƙorafin cewa yayansa na ƙona nama, tsire na ƙauri har masu lodin mota su ji, shi yana tsaye a kai bai ji ba. Haladu ya ce shi ya manta rabon da ya ji warin wani abu. Ya kuma ce ƙafafunsa na yi masa kamar yana taka auduga. Na rubuta. Dakta ya karanta, sai ya ce a cire wa Haladu takalmi. Fatar ƙwaurinsa ta yi kaushi tana saɓa, kuma yatsan ƙafar da ke kusa da ƙaramin ya fi sauran gajarta, ya ɗan hau sama. Dakta ya ce akwai wata cuta da ya taɓa karantawa bai taɓa gani ba, kuma tun da ni kitse na karanta, in je in bincika masa.

Ga abin da na samo, gwargwadon fahimtata. Shanu da tumaki da awaki in sun ci ciyawa, a cikin tumbinsu koren ciyawar yakan rikiɗe ya zama wani irin kitse, ya shiga namansu da nononsu. Jikin yawancin mutane yana da sinadarin da ke farfasa shi. Wanda ya gaji rashin wannan sinadari daga uwa da uba, kitsen sai ya yi ta taruwa, ya taɓa tantanin ido, da jijiyoyin ƙafa, da fata, da jin wari, wani lokaci har zuciya. A lokacin ban san inda ake wannan gwaji a ƙasar nan ba. Muka ɗebi jini, na shirya shi a cikin kula da ƙanƙara, aka aika waje ta hannun wani abokin karatun Dakta. Ya ɗauki watanni. Da sakamakon ya zo, kitsen nan ya yi yawa ƙwarai a jininsa. Tun daga lokacin ban sake ganin mai irin wannan cuta ba, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka duk mai dundumi ita ke gare shi.

Ni na yi tafinta ranar da aka yi masa bayani. Na ce ganin da ya tafi ba zai dawo ba. Amma wannan cuta tana cikin 'yan kaɗan da ake iya yi wa wani abu, kuma abin a tukunya yake: in ya daina shigar da kitsen, ana sa ran ƙafa da fata su yi sauƙi, wataƙila kuma tagar da ta rage ta jima a buɗe. Na lissafa masa kitsen shanu da na tumaki da na awaki, da hantarsu, da man shanu, nono, kindirmo, cuku. Na ce kaza da ƙwai da hatsi da manja ba laifi. Gyaɗa kuwa littattafan da na gani sun saɓa, na ce ya dai rage. Na ƙara da cewa kada ya bari ya rame.

"Likita, wato maganin da ake ba ni tun ina saurayi shi ne ciwon?"

"Ni ba likita ba ne. Ciwon gado ne, amma abincin yana ƙara shi."

"To, Malam Ba-Likita-Ba, mahauci ɗan mahauci za ka ce ya bar kitse? Ai gara ka shiga tasha ka ce direbobi su bar mai."

Ya yi dariyarsa, amma ya maimaita mini jerin daidai, bai bar ko ɗaya ba. Sunan nan kuma ya bi ni har yau.

Sai shekarar rusau ta zo. Wanda ya zauna Abuja a lokacin ya san yadda unguwanni irin su Karmo suka watse. Mu a asibiti abin da muka gani shi ne kujeru babu kowa. Masu hawan ido da ke zuwa karɓar magani kowane wata suka ɓace, masu jiran aikin yana suka ɓace. Wayar hannu ba ta gama shiga hannun kowa ba, adireshin da ke katinsu kuma ya zama fili. A shekarar ce kuma kyamararmu ta lalace, aka daɗe ana jiran kayan gyara. Na je tashar Jabi neman Haladu, na tarar da wani a tukubarsa, ya ce sun kwashe iyali sun koma wani ƙauye a bayan gari, bai san wanne ba.

Da Haladu ya dawo mana, Sabi'u ne ya ɗauko shi daga tasi a kafaɗa. Ban gane shi ba da farko. Ya rame har rigarsa na lilo a jikinsa, ƙafafu ba sa ɗaukarsa, bugun zuciyarsa na tsalle. Matarsa Rabi na biye da su, ranar ce na fara ganin ta. Dakta ya tura su babban asibiti nan take, ya ce in bi su in yi bayani, domin ba lalle a san cutar a can ba.

A barandar asibitin Rabi ta gaya mana yadda aka yi. Ranar da Haladu ya koma gida, jerin nan mai tsawo ya dunƙule shi a magana ɗaya, ya ce an hana shi mai. A bakinmu kuwa man shanu mai ne, manja mai ne, man gyaɗa mai ne, abin da ke yawo a kan romo ma mai ne. Rabi mace ce mai kiyaye abin da aka ce. Ta ware masa tukunya, ta riƙa yi masa miya lami, ko ɗigon manja babu. Ƙwai ma ta hana, don ta ga gwaiduwa da maiƙo. Ya ce mata ai yana jin an ce manja ba laifi, ta ce ba za ta yi caca da idonsa a kan "yana jin" ba. Abinci ya daina shiga masa. Ga wahalar ƙaura. Sannan shi kuma, don neman sauƙi wurin Allah, ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis.

"Malam, ko cokalin da ya taɓa miyar yara ba na sa masa a kwano," in ji ta. "Me kuma na bari?"

Abin da ya faru a jikinsa shi ne abin da littattafan suka yi gargaɗi a kai. Kitsen nan da ya tara shekara da shekaru a ajiye yake a cikin kitsen jikinsa, kamar kaya a rumbu. Da yunwa ta sa jiki ya fara cin kitsen kansa, sai ajiyar ta kwararo cikin jini gaba ɗaya. Na karanta cewa a waje suna da injin tace jini saboda irin wannan hali. Mu abin da muke da shi shi ne ƙarin ruwa mai sukari da abinci akai-akai. Allah ya sa hakan ya wadatar, zuciyar ta daidaita, aka sallame shi yana dogara sanda.

Saura a mayar da manja cikin tukunyar Rabi, kuma hakan bai zo da sauƙi ba. Ta ce da an ce a bari, yanzu an ce a sa, gobe kuma me za a ce? Sista Rifkatu ce ta yi dabara. Ta je kasuwar Utako ta sayo abubuwa a ƙananan kwalabe da leda, ta jera a kan teburin gwaji: man shanu, manja, man waken suya, kindirmo, ƙwai, guntun kitsen rago, cinyar kaza.

"Maman Sadiya, zo nan. Farfesa ya yi Turancinsa da Hausa, ya gama. Ke ne mai tukunya. Raba mini su, na mijinki nan, wanda ba nasa ba can."

Rabi ta fara rabawa, ina gyara mata, ina ƙoƙarin bayyana batun tumbi da ciyawa. Ana cikin haka wani a ɗakin ya ce, wato dai duk abin da ke tuƙa. Sai kowa ya ga maganar ta zauna. Saniya na tuƙa, tunkiya na tuƙa, akuya na tuƙa. Kaza ba ta tuƙa, kwakwar manja ba ta tuƙa. Rabi ta maimaita a hankali: abin da ke tuƙa, da abin da aka tatsa daga jikinsa. Ta tambayi raƙumi, na ce ban ga an rubuta ba, amma tun da yana tuƙa a bar shi. Kifi mai maiƙo, ko da yake ba ya tuƙa, muka ƙara shi daban a cikin abin da zai bari. Ta ɗauki kwalbar manjan ta sa a jakarta, Sista ta ce ai da ma don ita aka sayo.

Azumi ya fi wuya, kuma watan Ramadan ya kusa. Na nafila Haladu ya yarda ya bari, amma na farilla ya ce ba ya cikin maganar. Dakta ya hana shi kai tsaye, ya ce a halin da jikinsa ke ciki wuni da yunwa na iya mayar da shi inda ya fito, ko abin da ya fi haka. Haladu ya ce Dakta mutumin kirki ne, amma bai san nauyin watan ba, ni da nake salla in faɗa masa. Na ce a gaskiya bincike a kan cutar kaɗan ne, jiki kuma ya bambanta, amma mai yiwuwa ne ƙwarai abin ya dawo. Ya juya wurin matarsa ya ce ta ji ko, "mai yiwuwa" aka ce. Daga ranar ya riƙe kalmar nan kamar takardar izini.

Rabi ce ta sa Sabi'u ya haɗa mu da limamin masallacin tasha, wani dattijo Bazazzagi da Haladu ke jin maganarsa. Muka zauna a tabarma bayan la'asar, masu lodi na ta kiran fasinja a bayanmu. Liman ya ce shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, amma shi ba ya ba da fatawa a kan abin da bai sani ba, sai ya ji daga wanda ya san ciwon. Na fara daga tumbin saniya. Na yi bayanin ajiya da yunwa, na ce ni ba likita ba ne, na ce a iya abin da aka rubuta, na ce ko da yake ba a taru an zama ɗaya ba. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ɗaga hannu.

"Malam, ba karatu na zo ɗauka ba. Kai ka gan shi ranar da aka kawo shi a kafaɗa?"

"Na gan shi, Allah gafarta Malam."

"In ya yi azumin nan, zai cutu ko ba zai cutu ba?"

Haladu ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, kamar yadda masu irin ganinsa ke yi, har ya sa ni a tsakiyar tagarsa. Ban san abin da zai sami idonsa nan da shekara goma ba, kuma har yau ban sani ba. Amma tambayar da aka yi mini ba ita ce wannan ba.

"Zai cutu," na ce.

Liman ya jira ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Sai ya juya ya ce wa Haladu ya ji, azumi ya faɗi a kansa, kuma tun da ciwon ba mai warkewa ba ne, sai ya riƙa ciyar da miskini a madadin kowace rana. Haladu ya sunkuyar da kai. Can ya ce shi da ya shekara yana ciyar da tasha a kan kuɗi, yanzu an ce ya ciyar kyauta. Liman ya ce in miskinin ya yi masa wuyar samu, masallaci na nan, kuma ba a hana limamai kaza ba.

Haladu ya koma tukubarsa. Sabi'u ya karɓi ɓangaren naman shanu da ɗanɗano da aikin bayan magariba, shi kuma ya riƙe gashin kaji da rana. Ƙafafun sun dawo, ba duka ba, amma ya ajiye sanda. Fatar ta yi laushi. Warin bai dawo ba. Tagar ganinsa kuwa, a shekarun da na ci gaba da auna ta, ta ragu, amma kaɗan-kaɗan. Ba zan iya rantsuwa cewa abincin ne ya riƙe ta ba, domin mutum ɗaya ba hujja ba ne, kuma ba mu san yadda za ta kasance ba da an bar shi da man shanunsa.

Matasan yanzu suna nuna mini labarai a waya, cewa a waje ana gwada allurar da ke gyara ƙwayar gado a cikin ido, ana kuma neman magungunan da za su rage sharar kitse da ke taruwa a bayan ido. Ina karantawa, ina kuma fata. A fahimtata kowane magani na nau'i ɗaya ne a cikin nau'o'i masu yawa, akasarinsu ba a gama gwaji ba, kuma ban san ranar da za su iso Utako ba. Kada ku yi wa marar lafiya alkawari da su. Abin da ke hannunku shi ne ku tambayi mai dundumi ko yana jin wari, ku sa ya cire takalmi. In an zo batun abinci, ku nemi mai girkin ta zo da kanta. Kuma kada kalmar mai ta fita daga bakinku ita kaɗai, ku faɗi wanne.

Zuwansa na ƙarshe da na tuna, ya zo ne ya ce za su koma gida Katsina, Sadiya ta isa shiga sakandare, zaman Abuja kuma ya yi tsada. Ya karanta allon har kusa da ƙasa. Da zai tafi na miƙa masa hannu, kuma saboda sabo sai na miƙa ta gefe. Hannuna ya tsaya a iska. Rabi ta ce masa Malam na ba ka hannu. Ya yi dariya.

"Malam Ba-Likita-Ba, har yau gwada ni kake yi? Kawo shi tsakiya. Nan ne shagon yake a buɗe."

Na kawo shi tsakiya, ya kama.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Akwai wurin da na kasa warwarewa: ban san wa ya fara faɗin kalmar tuƙa a ɗakin nan ba. Wani lokaci ina jin muryar Rabi ce, wani lokaci ta Haladu, Sista Rifkatu kuma kafin ta yi ritaya ta sha cewa ita ce. Duk wanda ya halarci wani abu daga cikin wannan, ko a asibitin ko a tabarmar liman, in ya ga na kuskure, ina roƙon ya aiko da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, zan karɓa da godiya. In kuma akwai wanda ya san inda Haladu da iyalinsa suke yanzu, ya gaya masa lokacin awo ya wuce tuni. Ya kuma gaya wa Maman Sadiya maganar manja tana nan yadda muka bar ta, ta ci gaba da sawa.